Aiki da dare, istaj da safe: ina zan sa kaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Tanti. Ni ɗaliba ce a wata makarantar koyon aikin jinya a nan Maradi, ina shekara ta biyu. Mahaifinmu ya rasu, ni ke biya wa kaina kuɗin lakwal. Ina aiki a wani shagon aika kuɗi kusa da babbar kasuwa, daga ƙarfe 5 da rabi na yamma zuwa 10 da rabi na dare, Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma wuni nake yi. Ana ba ni jika 40 a wata. Yanzu an fara mana istaj: asibiti daga 7 da rabi na safe zuwa 12 da rabi, darasi daga 2 zuwa 5, ga gardin dare sau ɗaya a mako. Ranar gardi abokiyar aikina ke riƙe mini shago, in rama mata ranar Lahadi. Makon jiya barci ya sace ni a tsaye ina riƙe da farantin allurai, majo, shugabar ma'aikatan jinya na ɗakin, ta yi mini faɗa gaban marasa lafiya. In na bar aikin ba kuɗin makaranta, in na ci gaba ina tsoron faɗuwa. Tanti, yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya yi wa neman da kike yi albarka. Na daɗe ina kula da ɗalibai a ɗakin marasa lafiya, kuma irin halin da kike ciki, rana zafi inuwa ƙuna, na gan shi a fuskoki da yawa. Kafin shawara, ɗauko biro da takarda mu yi lissafi tare.

Mako ɗaya awa 168 ne. Barcin da jikin babban mutum ke buƙata, awa 7 kowane dare, ya ɗauki 49. Istaj na safe awa 25, in an haɗa da gardi ɗaya na awa 12 ya zama 37. Darasi 15. Shago 35, in muka ɗauki Asabar a awa 10. Salla, girki, wanki, wanka, cin abinci da zirga-zirga kan kabu-kabu, mu ce awa 4 a rana, 28 ke nan. Jimilla 164. Abin da ya rage miki na buɗe littafi awa 4 ne a mako guda cur. To na san ba awa 4 kike karatu ba, kin fi haka, kuma na san inda kike samo sauran: daga barcinki kike yanka. Shi ya sa ya biyo ki bashi har gaban gadon marar lafiya.

Wannan ba lalaci ba ne, kuma ƙarfin zuciya ba ya maganinsa. A shekarar 1997 masu bincike a Ostareliya sun auna mutanen da aka hana barci, suka ga wanda ya kai awa 17 idonsa biyu, hannunsa da hankalinsa sun yi rauni daidai da na wanda ya sha giya ta fara taɓa shi. Ke da kike tashi sallar asuba wajen ƙarfe 5, kafin ki rufe shago kin cika awa 17 ɗin, kina ƙidayar kuɗin mutane. A Amurka kuma, a 2004, an bi diddigin ma'aikatan jinya kusan 400, aka samu cewa wadda ta yi aikin awa 12 da rabi ko fiye a jere, yiwuwar ta yi kuskure ya ninka kusan sau uku. Waɗancan ƙwararru ne masu diplom a hannu, ba ɗalibai ba.

Bari in nuna miki kuskuren da nake nufi. Wani dare cikin watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin yara har ana kwantar da biyu a gado ɗaya, na sa wata ɗaliba ta daidaita ƙarin ruwa. Leda ce ta mililita 500 da aka rubuta ta shiga cikin awa 8. Kin san ƙa'idar: da igiyar da ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya, ana raba yawan ruwan da awowin sau uku, wato 500 a raba da 24, ɗigo 21 a minti. Yarinya ce mai kai, ta sha yin wannan lissafin a allo ba gargada. Da na zagayo na tsaya da agogo a hannu ina ƙirgawa, sai na ga ruwan na gudu ɗigo 42. Ta yi lissafin da awa 4. Na rage shi nan take, Allah ya kiyaye. Da na ja ta gefe sai ta fashe da kuka, ta ce kwananta biyu tana tsaron shagon yayanta. Yaron da ke kan gadon jininsa ya yi ƙasa, irin wanda ruwa mai yawa cikin sauri kan iya danne masa zuciya da huhu. Haka maganin artesunat na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 ko ya wuce kuma miligiram 2.4. Kai mai jin barci shi ke musanya irin waɗannan.

Saboda haka abu biyu ba a ciniki a kansu, istaj da barci. Darasin da ya wuce ki, kina iya aron kayen ƙawarki ki kwafe. Amma neman jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse, ko gane numfashin da ya canza kafin uwa ta ankara, babu kayen da za ki kwafa. Sa hannun da majo ke yi miki a littafin istaj shaida ce cewa an gan ki kin iya. Aikin shago shi zai lanƙwasa ya bi waɗannan biyun.

Ban ce ki ajiye aikin gobe ba. Wanda bai taɓa tsayawa ƙofar aji an hana shi shiga don bai cika kuɗi ba, shi ke saurin ba da wannan shawarar. Abin da nake so, ki je wurin mai shagon da jadawalin istaj ɗinki a rubuce, tun kafin wata matsala ta faru a kan kuɗinsa. In da hali ki tafi da kawunki ko wani babba da yake jin nauyinsa, kin san a garin nan maganar da babba ya kai ta fi zama. Kada ki je da roƙo kawai, ki je da tayi. Litinin da Juma'a su ne ranakun kasuwar Maradi, su ne ranakun da layi ke tsawo a shago, to ki ce za ki riƙe yammacin waɗannan biyun, da wunin Asabar, da rabin Lahadi. Awa 25 ke nan. Talata, Laraba da Alhamis su zama naki, ki nemi a riƙa sa miki gardi cikinsu. Albashi zai ragu, wataƙila ya dawo jika 28 ko 30, ki shirya wa hakan. Kuma kada ki shiga kina jin kamar alfarma ake yi miki. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta sa makon aiki awa 40, mafi ƙarancin albashi kuma an ɗaga shi zuwa sefa 42,000. Ke kina yin awa 35 a jika 40, kusan cikakkiyar ma'aikaciya ce. Mai riƙe kuɗin jama'a da amana ba a samunsa a bakin titi, shi ma ya san haka.

Giɓin jika 10 ko 12 da zai fito fa? Ki fara da ofishin kuɗi na makarantarku. Ki nemi a tsinka miki biyan kashi-kashi bisa ranar da kike karɓar albashi, a rubuta, a sa hannu. Ɗalibai da yawa kunya ke hana su, sai ranar jarrabawa a kore su. Ki tambaya kuma ko kin cika sharuɗɗan tallafin ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta ƙasa. Sannan dangi. Ki zaunar da kawunnanki da gwaggwanninki ki faɗa musu adadi, ki ce jika 10 a wata na tsawon shekara ɗaya da rabi. Mutum ya fi saurin sa hannu in ya ji abin yana da iyaka. In mahaifiyarki na cikin asusun mata, ta nemi a ba ta kwasa ko rance daidai lokacin biyan kuɗin lakwal. Tsarin Mata Masu Dubara da ya bazu ƙasashe da dama a yankin Maradi aka fara shi a 1991, don irin wannan ranar.

Ki kuma dubi shekara gaba ɗayanta, ba mako kaɗai ba. Lokacin babban hutu ki yi aikin shago cikakke ki tara. Daga Yuli zuwa Oktoba ana bi gida-gida ana raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin damina, haka kamfen ɗin ɗigon shan inna, kuma akan ɗauki masu aikin ƴan kwanaki a biya su. Ki gabatar da kanki wurin majon CSI, wato cibiyar lafiya ta unguwarku, tun da wuri. Kuɗi ne, kuma aikin hanyarki ne.

Akwai hanyar samun kuɗi ɗaya da zan roƙe ki ki kauce mata. Da maƙwabta sun ga farar riga a igiyar shanya za su fara kiran ki likita, a kawo miki allura daga kasuwa a ce ki yi wa yaro, a miƙo miki dala ɗari. Kada ki karɓa. Ba ki da izinin yi ba tare da mai kula da ke ba, ba ki san abin da ke cikin kwalbar ba, kuma allurar ɗuwawu da ta sauka kan jijiyar ƙafa tana iya barin yaro da ɗingishi har tsufansa. Ranar da abu ya ɓaci, waɗanda suka kawo miki ne za su fara kai ƙararki. Haka tramol da wasu ke haɗiya don su jure gajiya: yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya, na ga ɗaliban da ya raba da karatu. Shayi da Nescafé ma ki tsaya da su kafin la'asar, domin bayan awa 5 rabin ƙarfinsu na nan a jini, ki kwanta jiki a mace ido a bushe.

Karatun kansa, da ɗan lokacin da za ki samu, ki canza masa salo. Bayan asuba minti 45 da kai sabo ya fi awa uku na tsakar dare kina gyangyaɗi kan littafi, domin cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya. Ki yanka ƴan takardu su shiga aljihun riga, tambaya a gaba amsa a baya: alamomin zazzaɓi mai tsanani, bugun zuciyar jariri, lissafin ɗigo. In shago ya yi shiru ki ciro ɗaya ki tambayi kanki kafin ki juya. Cutar da kika gani da safe a ɗaki, ita za ki karanta ranar, ba za ta ƙara fita kanki ba. Tsakanin 12 da rabi da ƙarfe 2, bayan azahar, ki sami inuwa ki yi ƙailula ta minti 20. Ranar da kika sauko daga gardi kuwa, gida za ki nufa ki kwanta, kuma in kina da babur kada ki tuƙa da kanki.

Majon da ta yi miki faɗa, ki same ta ita kaɗai a ofis, ki gaishe ta, ki ba ta haƙuri, ki faɗa mata gaskiyar halinki da gyaran da kike shirin yi. Farantin allurai a hannun mai gyangyaɗi dole ya tayar mata da hankali, allurar da ta taɓa jinin wani tana iya soke ki ko marar lafiya. Ki duba ma ko kin cika allurai uku na rigakafin ciwon hanta nau'in B, in ba ki yi ba ki fara cikin watan nan. Yawancinmu in ɗaliba ta zo da gaskiya muna gyara mata ranakun gardi.

In mai shagon ya ƙi sassautawa sam, ki ba kanki wata ɗaya ki nemi wani aikin na Asabar da Lahadi, ko da kuɗinsa bai kai wannan ba, kina neman cikon a wurin dangi. Abin da ba zan yarje miki ba shi ne ki shiga istaj na ɗakin yara ko ɗakin haihuwa da wannan jadawalin na awa 35. Ki sake rubuto mini bayan kun zauna da shi, ki haɗo da ranakun biyan kuɗin makarantar, mu sake lissafin da sababbin alƙaluma.