Kyamarata ta ƙi kamawa, ga aure ranar Lahadi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Aboabo, nan Kumasi, aure da suna nake bi. Ina da Canon 600D da na saya ta hannu shekara uku da suka wuce. Tun bayan Babbar Sallah ban taɓa ta ba, tana cikin jaka a ƙarƙashin gado, batir na ciki. Jiya na ɗauko na murɗa makunni, shiru. Na sa batir a caji, ko minti biyar ba a yi ba fitilar caja ta koma kore, na mayar, har yanzu shiru. Wani mai gyaran waya a Adum ya ce bod ne ya ƙone, wato babban allon lantarkin da ke cikin kyamarar, in kawo ya buɗe. Ga shi na riga na karɓi kafin alƙalami na wani aure ranar Lahadi. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka dakata da kai ta Adum tukuna. Wanda ya yanke wa bod hukunci bai ko gwada wani batir ba, canka yake yi. Kuma a cikin tambayarka akwai abin da ya fi ɗaukar hankalina, wato minti biyar ɗin nan.

Batirin 600D shi ne LP-E8. Ƙwayoyi biyu ne a cikinsa da aka haɗa, ƙarfinsa bolt 7.2, cikinsa 1120mAh. Idan ya ƙare ƙarƙaf, cajarsa ta asali tana ɗaukar kusan awa 2 kafin fitila ta bar ruwan lemo ta koma kore. To batirin da ya yi wata da watanni a cikin kyamara, wadda ko a kashe take tana ɗan tsotsar wuta, ya za a yi ya cika a minti biyar? Yakan yiwu dai da sauran wutarsa. Amma abin da na fi gani shi ne ƙwayoyin sun tsufa: da an ba su wuta sai bolt ɗinsu ya yi tsalle ya kai sama, caja ta ɗauka sun ƙoshi, alhali ciki fayau. Kamar tulun da laka ta cinye, ka zuba kofi ɗaya ruwa ya kawo baki. Kyamara na neman wuta sai ya zube.

Ka fara da ido. Ɗora batirin a kan tebur mai santsi ko gilashi, ka danna gefe ɗaya. In yana rawa, ko kuma in ka saki ɗan maƙullin da ke riƙe shi a cikin kyamara bai zamo waje da kansa ba sai ka ciro da farce, ya kumbura. Kumburarren batir ba a yi masa magani, kuma kada ka sake sa shi a caji. In akwai mai gyaran rediyo kusa da kai, ya ɗora masa mitar auna wuta a inda aka yi alamar + da −. Cikakke lafiyayye yakan nuna bolt 8.2 zuwa 8.4. In bai kai 7 ba bayan caja ta ce ya cika, ya gama aiki. In sifiri ya nuna, ɗan allon kariyar da ke cikinsa ne ya rufe hanya saboda wutar ta sauka ƙasa da ƙima. Sai dai mita ma takan yi ruɗi, domin ba ta ɗora wa batir nauyi. Ka ga 8 a mita, ka sa a kyamara ya kasa.

Don haka gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko sidi ɗaya: aro. Canon 550D da 600D da 650D da 700D duk LP-E8 suke ci, kuma tsakanin Aboabo da Asawase ba za ka rasa abokin sana'a mai ɗaya daga cikinsu ba. Je da kyamararka da batirinka da cajarka. Sa nasa a taka, sa naka a tasa, sannan ka gwada batirinka a cajarsa. Cikin minti goma ka san mai laifi. Na ambaci caja ne don ita ma takan lalace saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ga kuma janareto, kuma da yawanmu mukan bar caja a soket dare da rana.

In za ka sayi sabo, ka lura, tambarin Canon a jiki ba ya nuna na Canon ne. Na jabu yakan fi sauƙi a hannu, rubutunsa dishi-dishi. Ni gara ka sayi na wani kamfani da ya sa sunansa a fili da ka sayi mai sunan aro. Kuma ka tafi da kyamarar, ka gwada a gaban mai shago.

To a ce batirin aro ma bai tashe ta ba. Duba ƙofofi. Wannan kyamara tana da ɗan makunni ɓoyayye a ƙofar batir, da wani a ƙofar kati da ke gefe. Muddin ɗayansu bai dannu ba, ba za ta kama ba, ko sabon batir ne dal. Dabara ce don kada a zare kati ana tsakiyar rubuta hoto. A jikin murfin batir akwai wani ɗan haƙori na roba, bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke shiga rami ya danna makunnin. An taɓa kawo mini wata daga Sabon Zango, mai ita har ya fara cigiyar wanda zai saye ta a matsayin kayan gyara. Na juya ta, sai ga murfin an ɗaure da salatif, haƙorin ya karye tun ranar da ta faɗi a wurin suna. Na sa tsinken sakace na danna ramin a hankali, 'yar jar fitilar baya ta ƙifta, kyamara ta tashi. Murfi kawai muka sauya. Kai ma ka kalli jar fitilar nan lokacin da kake rufe ƙofa. In ta ƙifta, wuta na shiga.

Daga nan cire kati, cire lensi, cire filasha in akwai a sama, ka fitar da batir na minti kaɗan, ka mayar da shi shi kaɗai. Lalataccen kati yakan daskarar da kyamara, haka ma lensin da ƙarafunansa suka haɗu. In ta kama tsirararta, sai ka riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya har mai laifi ya fito.

Wani lokaci ma kyamarar a kunne take, sikirin ne ya mutu. Na 600D mai juyawa ne, kuma wayar da ta bi ta gaɓarsa takan gaji. Sa ido a 'yar tagar leƙe, ka danna maɓallin ɗauka rabi. In koren lambobi sun fito a ƙasa, tana da rai. Taɓa maɓallin DISP ma, wataƙila shi aka danna.

Ƙarƙashin gadon nan kuwa bai yi mini daɗi ba. Ka san damunar Kumasi, har takalmi yakan yi fumfuna a ɗaki. Haska tocila cikin ramin batir. In ka ga kore-kore ko fari-fari a kan ƙarafunan, ka ɗan jiƙa auduga da sipirit, ka goge a hankali, ka bari ya bushe sarai. Kada ka tura ta cikin buhun shinkafa yadda ake yi wa waya, ƙura kawai za ta ƙara sha. Nan gaba ka nemi roba mai murfi, ka zuba 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ka ajiye batir daban da kamar rabin caji.

Sai duk wannan ya ƙi, sannan a yi zancen ciki. Ko nan ma sau da yawa ɗan fis ne a allon da ke raba wuta, ba babban bod ba, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Mai gyaran kyamara za ka nema, ka tambayi tsofaffin masu situdiyo wa suke kai wa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: a cikin kyamarar akwai ma'ajin wutar filasha da ke riƙe kusan bolt 300 ko bayan an cire batir, yana iya jefar da mutum, sukundireba kuma in ta goge shi ta ƙona bod ɗin da lafiyarsa ƙalau. Ka ce a faɗa maka abin da ya lalace da kuɗinsa kafin a sauya komai.

Batun Lahadi, tun yau ka yi magana da wanda za ka ari batirinsa, ya ajiye maka kyamararsa ko ta haya ce. Lensinka zai hau tasa, tunda bakinsu ɗaya.