Amsa: Zan iya yi wa Corolla ta juyen baƙin mai da kaina?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce Corolla 2005 gare ka kuma ka gaji da zaman jira a garejin bakanike, to wallahi za ka iya, ni ma a ƙofar gida nake yin nawa a nan Agege.

Ka bar inji ya yi minti 5 yana aiki don man ya saki jiki, ka kashe, ka kwance notin zubar da mai na ƙasan inji da sufana lamba 14 ka tara roba ya tsiyaye tas. Amma don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, a sa mata waigi mai ƙarfi a kan siminti, rai ba wasa ba. Sabuwar filta ka shafa wa robarta ɗan mai ka ɗaure da hannu kawai. Injinka lita 3.7 yake sha na baƙin mai mai lamba 5W-30, kar ka juye galan duka, zuba kana duba geji.

Baƙin mai kam gidan mai nake saye, an taɓa sayar min da jabu a bakin titi. Da gosulon Legas ɗin nan kar ka wuce kilomita 5,000 ba ka sake juye ba. Tsohon man kuma a jarka, banda kwata.