Ribar da ke tsakanin kasuwa biyu

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Saƙonka ya iso. Ka ce kana sayen dalar waya, wadda kuke kira USDT, wato kuɗin intanet mai bin darajar dalar Amurka, a wuri ɗaya, ka sayar a wani wurin kafin shayinka ya huce, ka ci 'yan nairori a kan kowace. Kana so ka ji ko wannan ciniki ne a wajenmu, ko kuwa kuɗin ruwa ne ya sake riga.

Saye da araha a nan, sayarwa da tsada a can, ai shi ne fatauci. Kakanninmu sun ɗora wa jakuna kanwa har Gwanja, sun ɗauko goro a Salaga, wata da watanni suna hanya. Kai ko takalmi ba ka sawa, amma sauri ba ya haramta ciniki. Abin da malamanmu suka riƙe a canji shi ne hannu da hannu: ka ba, ka karɓa, kafin ku rabu. Ita kanta dalar wayar sun saɓa a kanta, wannan kai da malaminka.

Ni abin da nake dubawa daban ne: wa ya haƙa ramin da ke tsakanin farashin biyu? Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana a tare ayari kafin ya shiga kasuwa. Ka san masu tsayawa bakin hanya su saye buhun wake a hannun manomi tun bai ji farashin kasuwar Dawanau ba. Cinikin ya yi kama da na kowa, amma jahilcin mutumin suka ci.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa wa uwarka ba. Kafin Babban Banki ya haɗe farashin canji a watan Yunin 2023, dala a banki ba ta kai naira 500 ba, a Wapa kuwa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ta haura 700. Wani yaro ya zo shagona ya ce in ba shi fasfona. Za a yanki tikitin jirgi, a karɓi dalar guzurin matafiya a banki, a soke tikitin, a kai dalar Wapa. Na ba shi. Da yamma ya kawo min kasona a baƙar leda. A wancan satin maƙwabcina yana zarya banki neman dalar kai matarsa asibiti Masar, kullum a ce ya dawo gobe. Ƙarshe a Wapa ya saya. Kuɗin ledar nan na kasa sayen hatsin gida da su.

To, kai wa ke sayar maka da araha, kuma me ya matsa masa? In ya san farashin ɗaya kasuwar ya zaɓi sauri, ci halalinka. In kuwa akwai asusun da ba da sunanka ba, ko kuɗin da ba a so a tambayi asalinsu, janye hannunka.

Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci da wayar, ka yi ciniki ɗaya a gabana in gani. Ka gaishe min da uwarka.