Tambaya da Amsa: Me zan saya don injunan masana'anta su ji maganar juna?

Wani mai aikin lantarki a wata ƙaramar matatar man gyaɗa a Garwa ya rubuto: "Malam, muna da PLC (kwamfutar da ke sarrafa injuna) ƙirar Siemens S7-1200, da na'urorin daidaita gudun moto guda shida ƙirar Altivar. Mai sayar mana da kaya a Duwala ya ce sai mun sa wa kowace ɗaya katin PROFINET (tsarin sadarwa mai sauri tsakanin injuna). Maigida ya ce kuɗin ya yi yawa. Akwai wata hanya?"

Akwai, ɗan'uwa. Ka fara duba aikin da motocin ke yi. In famfo ne da fanka da bel mai jan gyaɗa, ba sa buƙatar umarni cikin ƙiftawar ido, Modbus RTU ya ishe ka. Tsohon tsarin sadarwa ne tsakanin injuna, kamfanin Modicon ya fito da shi tun 1979, kuma na'urorin Altivar irin su ATV320 da shi suke zuwa daga masana'anta. Abin da za ka saya ɗaya ne: ƙaramin modul CM 1241 na RS-485 (irin layin wayar da saƙon Modbus RTU ke bi) da ake maƙala wa S7-1200 a gefe. PROFINET yana cin kuɗinsa ne inda motoci za su yi tafiya tare ba saɓani ko kaɗan, kamar layin cika kwalabe mai sauri.

Kuɗin da ka rage kuwa, kada a mayar wa maigida duka. Zuba shi a kebul, domin a nan ne akasarin matsala take kwana. Nemi kebul mai murɗaɗɗun wayoyi biyu da rigar ƙarfe a jikinsa. Ka ja shi daga PLC zuwa na'ura ta farko, daga ta farko zuwa ta biyu, haka har ta shida, kamar jerin raƙuma. Kada ka yi masa rassa. A bakin farko da bakin ƙarshe ka sa rezista mai om 120, biyu kacal, ba a kowace na'ura ba. Kada kuma ya bi magudana ɗaya da kebul ɗin wutar moto, don hayaniyar wutar takan gurɓata saƙo. In dole su haɗu, su gitta juna kawai. RS-485 na iya kai mita 1200 a gudu mai sauƙi, layi ɗaya kuma yana ɗaukar na'ura 32, ka ga kana da sarari.

Wajen saiti, kowace na'ura da lambarta tsakanin 1 da 247, kada biyu su yi tarayya. Gudun layi ya zama ɗaya a ko'ina, bit 9600 ko 19200 a daƙiƙa, tsarin tantance kuskure ma haka. In bayani ya zo a karkace, duba lambar rajista, wato gurbin da na'ura ke ajiye kowane bayani: abin da littafi ya kira 40001, a kan waya 0 ne, wannan bambancin na ɗaya ya hana mutane da yawa barci. Rajistocin da ke jere ka karanta su a tambaya guda maimakon ɗaya-ɗaya, layin zai yi sauri. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: ka saita kowace na'ura ta tsayar da moto in magana ta yanke, maɓallin tsayarwar gaggawa kuma ya bi wayarsa ta kansa. Hannun mutum ne a kusa da injin nan.

Daga Kusuri wani ya ce: "Famfon rijiyarmu yana mita 300 daga ɗakin sarrafawa. In sayi kebul Cat6 da suwic (akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urori) irin na ofis?"

A'a, ƙanena. Kebul ɗin Ethernet na tagulla iyakarsa mita 100, ko Cat6 ne. Sayi faiba da na'urorin juya sigina biyu, ɗaya a kowane baki. Faiba gilashi ne, ba ya ɗaukar wuta, saboda haka tsawar damina ba za ta bi ta cikinsa ta ƙona maka PLC biyu a dare ɗaya ba. Suwic na ofis kuwa, yawanci don zafin da bai wuce digiri 40 ba aka yi shi. Kai ma ka san Kusuri da Njamena a watan Afrilu: a inuwa ma ana wuce 40, balle cikin akwatin ƙarfe. Nemi na masana'anta, marar fanka don ƙurar hunturu, mai cin wutar 24V, wanda takardarsa ta nuna yana jure digiri 60 ko fiye. Marar saiti ya isa, sai fa in kayanka na Allen-Bradley ne masu tsarin sadarwa na EtherNet/IP da yawa a layi. A nan ka ƙara kuɗi ka sayi mai saiti da ke da IGMP snooping, wanda ke hana saƙonni cika layi.

Wata hajiya mai injin casar shinkafa a Yagwa tana son ganin aikin injinta ta wayar salula. Hajiya, ana yi. Amma kada a bar mai haɗa miki ya buɗe ƙofa ta 502, wadda saƙon Modbus ke bi, ga intanet, domin Modbus ba shi da kalmar sirri, duk wanda ya iso ƙofar zai iya kunna injin ko ya kashe. A saya miki rawuta (na'urar haɗa injin da intanet) mai ɗaukar layin waya kuma mai VPN (kulallar hanya da ba kowa ke shiga ba), a canza kalmar sirrin da ta zo da ita tun ranar da aka kafa ta.