In ka zo Jidda, da ƙafa za mu shiga Balad

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma gida ya cika da murna da jin Allah ya kira ka Umara bana. Ka ce kana da kwana biyu a Jidda kafin jirginku ya tashi, kana so in nuna maka gari. Sai kuma ka liƙa wata tambaya can ƙasa, wai ko yaranmu suna jin Hausa, ko dai mun narke mun zama Larabawa. Ta farkon ba wuya. Ta biyun kuwa ta kwana a raina.

Manyan kantuna da bakin teku, kowane direba zai kai ka. Ni Balad zan kai ka, tsohon garin Jidda. Daga Makka ka hau jirgin ƙasa na Haramain, ka sauka a tashar Sulaimaniyya, zan tarye ka. Sai bayan la'asar za mu shiga, don zafinmu ba irin na Haɗeja ba ne. Naku busasshe ne, namu da danshin teku, kafin ka yi taku ɗari riga ta manne maka a baya.

Daga Bab Makka za mu fara, ƙofar gabas, inda ayarin mahajjata ke fita a da. Ganuwar kanta an rushe ta tun 1947. Garin kuwa tun zamanin Sayyidina Usmanu, shekara ta 26 bayan Hijira, yake tashar jiragen ruwan Makka. Mu kutsa Kasuwar Alawi, lungu siriri mai ƙamshin turaren wuta da citta da dabino. A nan ka ɗaga kai. Gidaje ne hawa huɗu, hawa biyar, an gina su da dutsen da ake fasowa daga gaɓar Bahar Maliya, wanda muke kira mangabi, ana gitta itace tsakanin sahun duwatsu don kada nauyi ya tsaga bango. Tagogin katakon nan da suka turo waje su ne rawashin: mace tana zaune a ciki tana shan iska, tana ganin kowa, ba mai ganinta. Inda yaɓe ya ɓare, ka sa yatsa, za ka ji ramuka da ɓawon halittun ruwa a jikin dutsen.

Za mu tsaya a Bait Nasif, gidan da aka gama a 1881, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a ƙarshen 1925. A ƙofarsa akwai darbejiya, irin wadda ke kowace makaranta a wajenku, amma tsofaffi suna cewa an yi zamanin da ita kaɗai ce bishiya a cikin garin. Magariba kuma mu yi ta a Masallacin Shafi'i, cikin unguwar Mazlum. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, tun daga nan ake ta gyara.

Masu yi wa baƙi jagora za su jero maka sunayen attajiran da suka mallaki gidajen. Wanda ya hau da ruwa har hawa na biyar, shi ba a ambatarsa. Kakana ne, wan kakanka. Ya bar Haɗeja yana saurayi, ya yi shekara tara a hanya, ya ratsa Cadi, ya yi damina a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ya tsinci auduga a Jazira har guzuri ya haɗu, sannan ya ƙetaro daga Sawakin a jirgin katako. Da ya sauke farali bai da kuɗin komawa, sai ya zama ɗan ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana ɗebowa daga kindasa, injin nan da ke tace ruwan teku, kafin a jawo wa garin ruwan Ain Aziziyya a 1947. Da dare ya fita bayan ganuwa, can cikin bukkokin mutanenmu. Ina ƙarami nakan hau cinyarsa in taɓa kantar da ke kafaɗarsa ta dama, tauri kamar ƙirgi. Ya taɓa riƙe hannuna a wani lungun unguwar Sham, ya nuna mini wani gida, ya ce matakalarsa ya fi saninta da tafin hannunsa. Zan kai ka ƙofar gidan nan.

Shi ya sa kalmar takari take sosa mini rai in na ji ta a bakin mutanen gida. A nan Takaruna tsohon suna ne na mutanen da suka taho daga yamma don ɗakin Allah. Ku kuma kun mai da shi sunan wanda ya zo Umara ya maƙale yana wasan ɓuya da 'yan sanda. Akwai irin waɗannan, ban musa ba, talauci ne ya koro mafi yawansu. Amma Hausawi da Fallata da Barnawi sunaye ne da ke kan katin 'yan ƙasa, akwai malamai da likitoci da sojoji. Usama Hausawi ne kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Kuma a gida ɗaya ma rabo ya bambanta: Baba ya samu takardar ɗan ƙasa, ƙaninsa da ya yi tafiya lokacin bai samu ba, har yau jikokinsa da aka haifa a nan da igama, takardar izinin zaman baƙi, suke zaune, ana sabuntawa ana biya.

Maganar aure kuma, na san Goggo ce ta sa ka tambaya, ko ba ka faɗa ba. Ka gaya mata yawancinmu a junanmu muke aure. Ƙanwata ce ta auri Balaraben Hijaz, kuma ba a sha da daɗi ba, uwar mijin ta yi shekara biyu ba ta taka gidansu ba saboda launi da asali. Yau ita ce ba ta iya kwana uku ba ta ga jikokinta ba. Kuna cewa mun ƙi 'yan gida, alhali ɗan ƙasa ba ya auren wadda ba 'yar ƙasa ba sai da izinin hukuma, ko da 'yar baffansa ce daga Kano. Ɗan yayana ya jira takardar nan har aka gaji aka ba wani yarinyar. Wannan ba raini ba ne, don Allah a daina faɗa.

Hausar yara fa, gaskiya zan faɗa maka. Manyan suna yi tiryan-tiryan, sai dai da Larabci a ciki, kamar yadda taku take da Turanci. Autata tana ji sarai, amma da Larabci take amsawa, abin yana damuna. Sai dai ba ta taɓa gaida Inna a tsaye ba, kuma Juma'a ba ta wucewa ba a tuƙa tuwo da miyar kuka ba. Larabawan Hijaz suna layi a wajen mai siriye, wanda ba komai ba ne illa tsirenmu da ƙuli-ƙulinsa, mu muka kawo shi. Da na je Kano, yara suka bi ni suna Balarabe, Balarabe, na yi murmushi, amma a raina ban ji daɗi ba.

Gidan da aka haife ni ne ba zan iya nuna maka ba. Unguwarmu Sabil ta tafi a rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba a 2022, tare da Kandara da Hindawiyya da Gulail, maƙwabtan shekara hamsin kowa ya kama gabansa. Za mu bi ta wajen a mota ka ga filin.

Inna ta ce ka riƙo mata kuka da daddawa, mai kyau ta Haɗeja. Ta kuma ce ka ɗauko hoton zauren gidanmu na can, da tsamiyar da Kaka yake ba mu labari, in tana nan.