Ɗiyata, ga amsar tambayarki kan azumin Lenti

Ɗiyata sannu da karatu, ya Samaru, ya zafi? Saƙonki ya iso, ban amsa da wuri ba ne dan wannan ba maganar layi biyu bace. Kin ce wata 'yar ɗakinku tace miki wai Lenti, azumin nan namu na kwana arba'in kafin Ista bikin tashin Yesu, babu shi a Littafi Mai Tsarki, su a cocinsu kwana 21 suke yi a watan Janairu shikenan, ita kuma ɗayar musulma ta tambaye ki da zuciya ɗaya wai wane irin azumi ne wannan da wasu ke shan ruwa a ciki, ko dai kwaikwayon nasu muke yi bamu iya ba. Ke kuma kina so ki sani ko shafa toka dole ne, ƙarfe nawa ake buɗe baki, kuma me mutum ke samu a ciki. To bari in faɗa miki yadda muka taso muka tarar, da yadda na fahimta da girma.

Maganar kwaikwayo tukunna, dan ita ce tafi sauƙi. Azumin nan ya tsufa sosai. Tun taron da shugabannin ikilisiya suka yi a Nikiya a shekara ta 325 an riga an ambaci kwana arba'in ɗin nan kamar abun da kowa ya sani, kuma kiristocin farko da yawa sai yamma suke cin abinci in suna azumi. Har gobe 'yan'uwanmu na Habasha da na Masar nasu yafi namu tsawo, kwana 55 suke yi, ba nama ba madara ba ƙwai. Kinga ba daga Ingila abun ya faro ba balle ace a Zariya muka leƙa gidan maƙwabta muka kwafa. Amma kuma kar ki ɗaga ma ƙawarki hanci, dan gaskiya zama tare ya shafi yadda muke yinsa a nan. Likita Mila, Baturen mishan, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ta dawo Wusasa a 1929, kuma cikin mutanen da suka fara karɓar bishara akwai zuriyar Isawa, wato wasu musulmi da suka ba Annabi Isa girma na musamman, waɗanda suka zauna a Gimi, mutanen da suka fito daga gidajen malamai, ba wanda zai koya musu menene kame baki. Shi yasa kakanninki in sunce azumi to azumi suke nufi, ba wai barin shan shayi da suga ba. A 2025 ma ai kin gani, namu da na maƙwabta suka haɗu a watan Maris, da yamma ƙosai da kunu na ƙetare katanga ta kowane ɓangare, ba wanda ya tambayi wani hujja.

Ita kuwa mai cewa babu shi a Littafi, ta faɗi rabin gaskiya. Ba aya da tace ku fara ranar Laraba kaza ku gama ranar kaza, haka ma ba aya da tace kwana 21 a Janairu. Abun da ke akwai shine Yesu yayi kwana arba'in a jeji yana azumi kafin ya fara hidimarsa, Musa yayi arba'in a kan dutsen Sina'i, Iliya yayi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, kuma a Matta sura 6 Ubangiji yayi maganar azumi ne kamar abun da ya san almajiransa zasu yi, ya haɗa shi da addu'a da sadaka a wuri ɗaya. Ikilisiya ce ta tsara lokacin dan mu shirya ma Ista tare, kar kowa yayi nasa shi kaɗai. In kin ƙirga daga Larabar toka, ranar da ake fara azumin, zuwa Asabar ɗin jajiberin Ista zaki samu kwana 46, ki cire Lahadi 6 dan ba'a azumi ranar tashin Ubangiji, saura 40. Ranar Ista kuma da wata ake lissafinta, Lahadin farko bayan cikar wata daga 21 ga Maris, shi yasa take yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, mu kuma a nan arewa hakan na nufin kullum azumin yana kama mu ne daga wutsiyar hunturu zuwa tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare na neman inuwa.

Toka ba dole bace, ba wanda zai rasa ceto dan bai shafa ba. 'Yan Katolika suna yi, mu Angilika da yawa muna yi, 'yan'uwanmu na ECWA da Baptis galibi basa yi kuma ba ƙananan kiristoci bane. Amma ni ina so kije. Ganyen dabinon da muka riƙe a Lahadin dabino ta bara shi ake ƙonawa a samu tokar, wato hannun da ya ɗaga ganye yana hosanna shine goshinsa zai ɗauki tokar ganyen. Ki tsaya a layi ki duba, farfesa na gabanki, mai tallan awara na bayanki, tsohon soja, yarinya 'yar firamare, kowa ya sunkuyar da kai limami ya dangwala babban yatsa yaja gicciye a goshi yana tuna masa cewa shi turɓaya ne kuma can zai koma, maganar Farawa sura 3. Kafin ki kai bakin titi neman keke zufa ta fara jan tokar zuwa gira. In ta goge ta goge, kar ki tsaya ɗaukan hoto dan ki sa a status, wannan sabon yayin kam ni bai taɓa kwanta min ba, Matta 6 ɗin nan dai ita tace mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai kar mutane su gane.

Ƙarfe nawa ake buɗe baki, nan ne yara kuke son a baku doka a rubuce. Katolika suna da tasu a fili, Larabar toka da Jumma'a mai kyau, ranar tuna gicciye Yesu, cin abinci sosai sau ɗaya ne tare da ɗan taɓawa sau biyu, ga masu shekara 18 zuwa 59, sai barin nama duk Jumma'ar Lenti daga shekara 14, kuma da yammacin Jumma'a suna bin hanyar gicciye, tsayawa 14, in kin taɓa shiga Christ the King a Sabon Gari kin gani. Mu a gidanmu 6 na safe zuwa 6 na yamma ne ga mai iyawa, wasu zuwa 3 dan lokacin ne Yesu ya cika a kan gicciye, wasu zuwa 12, wasu suna shan ruwa wasu basa sha. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga, mai olsa, ba ruwansu da wannan lissafin, ke ma ranar da kike da jarabawa biyu a wannan zafin rana na Afrilu ki sha ruwanki, faɗuwa a bakin aji ba ibada bace. Ki zaɓi abun da zaki iya riƙewa har ƙarshe, gara kaɗan mai ɗorewa da ki ɗauko da zafi sati na biyu ki watsar.

Yanzu ga abun da nafi so ki riƙe, shine amsar me ake samu. Kakarki, Allah ya kai mu inda take, tana da wata tukunya a bayan ƙofar ɗakinta da ba'a taɓa ta sai Lenti. Duk ranar da akayi azumi a gidan, dawa ko masarar da da an auna dan abincin rana, sai ta auna ta da kwanon nan nata mai lanƙwasasshen baki ta juye a tukunyar ta rufe da faifai. Ba'a mayar da ita cikin tuwon dare. Mu yara sai muyi ta ƙunƙuni dan mun zata in anƙi ci da rana ai da daddare za'a ninka, ita kuwa cewa take wannan hatsin ya riga ya tashi daga namu. Makon tsarki, wato satin ƙarshe kafin Ista, in ya shigo sai ta ƙulle shi ƙulli ƙulli a tsumma, bayan duhu ya shiga ta aike mu, wannan gidan gwauruwa, wannan gidan tsohon da ido ya mutu, wannan gidan maƙwabciyarmu musulma da mijinta ya tafi cirani bai aiko ba, kuma kashedi kar mu tsaya jiran godiya. Ki lura da lokacin, bazara ce, rumbu ya sauka, mudu ya fara tsada a kasuwa, damina bata zo ba, daidai lokacin da talaka ke fara rage tuwo ba da sonsa ba. Sai da na girma na karanta Ishaya 58 da kyau na gane inda ta samo, annabi yana faɗa da mutanen da ke azumi suna sunkuyar da kai amma suna matsa ma ma'aikatansu suna rigima, yace azumin da Allah ke so shine a kwance ma wanda aka ɗaure, a raba abinci da mayunwaci, a tufatar da wanda bashi da riga, kar kuma mutum ya ɓoye ma ɗan'uwansa na jini.

To ke baki da rumbu, amma kina da kuɗin abincin rana da kuɗin data. In kin hana cikinki indomi da ƙwai da rana kika ajiye kuɗin kika haɗa ranar Ista kika sayi takalmi, asusu kika yi ɗiyata, ba azumi ba. Ki ware shi, kin san yarinyar da ke garin kwaki safe da dare tana cewa ta ƙoshi, duk hostal akwai ta. Ki nemi dabarar da zai kai gare ta ba tare da kin zubar mata da mutunci ba.

Sai baki. Yunwa tana tono halin mutum, wajen ƙarfe 2 na rana zaki ji wacece ke, abun da bai kai ya kawo ba ki ji kina so ki balbale mutum da masifa. Kar ki ce azumi ne ya jawo, dama yana ciki, ƙoshi ne ya rufe shi. Wannan shine amfanin, kin gan shi yanzu sai ki kai shi gaban Ubangiji da sunansa, ba wai ka gafarta mana zunubanmu a dunƙule ba, ki ce gulma, ki ce hassadar da nake ma wance, ki ce ƙaryar da nayi ma baba kan kuɗin makaranta in akwai. Kamar sharar gona ce da manoma keyi a wannan bazarar, ba amfanin gona ake gani ba tukun, kututture da ƙaya ake tarawa a ƙona kafin ruwa ya sauka. Lokacin da da kina cin abinci ki buɗe Littafinki, Zabura 51 da Yowel sura 2 su zama na farko, sannan ki ɗauki bisharar Markus, sura 16 ce kacal, ki bi ta a hankali kina tauna, kafin Ista kin gama har kin maimaita. Kakanninmu sai 1932 suka samu cikakken Littafi da Hausa suna karɓa hannu bibbiyu, ke yana cikin wayarki tsakanin TikTok da WhatsApp, a rage waɗancan biyun dan Allah.

Zaki ga a coci an sa shunayyan ƙyalle a bagadi, an daina Halleluya har sai Ista, mu Zumuntar Mata ma muna sassauta kiɗan tulu da guɗa. Yara na cewa sujadar tayi sanyi. Da gangan ne, in ba'a yi shiru ba ina za'a ji daɗin guɗar safiyar tashi? Ki yi ƙoƙari ki dawo gida makon tsarki ko da daga Alhamis ne, ayi Jibin Ubangiji dake, Jumma'a kuma sujadar awa 3 daga 12 zuwa 3 kan kalmomi 7 na kan gicciye, ki zo da mafici dan kin san halin wuta.

Kuma kafin ki zo, maganar ke da 'yar kawunki. Na sani tun bikin Disamba bakwa gaisawa, uwarki ta faɗa min, ban kuma tambayi wa ke da laifi ba dan bana son ji. Matta sura 5 tace in ka kawo baiko ka tuna akwai wata a ƙasa tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon kaje ku shirya tukun. Ke zaki kira, duk da ke ce ƙarama kuma kina ganin ke aka ɓata ma, ba tes ba, kira da murya. In bata ɗauka ba ki sake gobe. Ita ma zan mata magana ta nawa ɓangaren. Ki gaida 'yan ɗakin naku duka biyun, ita mai tambayar ruwan ki ce mata in anyi hutu ta biyo ki Wusasa ta ci waina.