Filin Tambaya da Amsa: Sa Hon na Iska a Ƙaramin Babur

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jidda ne, a unguwar Karantina, kuma ina da ƙaramin babur irin wanda a gida muke kira roba-roba, da shi nake zuwa wurin aiki. Hon ɗin da ya zo da shi ba shi da murya. Makon jiya a titin Falasɗinu wata ƙatuwar GMC ta matse ni har bakin hanya, na danna hon har yatsana ya gaji, direban bai ko waiga ba, domin gilasansa a rufe suke, na'urar sanyaya mota tana aiki. Na ga hon na iska a wani shagon kayan mota, an rubuta a kwalinsa cewa ƙarfin ƙararsa desibel 139 ne. Shin zan iya cire tsohon in maƙala wannan a wayoyinsa? Kuma ina matsayinsa a wurin jami'an Murur, wato 'yan sandan kula da hanya? (Daga wani mai karatu a Jidda)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara tsarewa. Za ka iya sa shi, amma ba ta hanyar da ka faɗa ba, domin idan ka cire tsohon ka maƙala sabon a wayoyinsa guda biyu, abin da zai fara lalacewa shi ne maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsanka, wataƙila har da wayoyin da ke cikin robar gaban babur.

Dalilin yana cikin yawan wutar da kowannensu ke ja. Hon ɗin da ya zo da babur ɗinka ɗan faifan ƙarfe ne da maganaɗisu ke girgizawa, kuma abin da yake ja bai wuce amfiya 2 zuwa 3 ba (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da abu ke ja). Hon na iska kuwa yana da ƙaramin kwamfiresa a jikinsa, wato ɗan injin lantarki ne da ke hura iska cikin kakaki, kuma irin ƙanana da ake sa wa babura, kamar Stebel Nautilus, suna jan abin da ya kai amfiya 18. Kamfanin da ya ƙera babur ɗin ya zaɓi siririn waya da ƙaramin maɓalli ne daidai da tsohon hon, saboda haka idan aka tura musu wutar da ta ninka wadda aka yi su dominta sau shida ko fiye, sai su yi zafi. Na taɓa tsayawa a wani gareji a sina'iyya, wato unguwar makanikai, ina kallo ana buɗe gaban wani babur da aka yi wa irin wannan aikin: robar maɓallin ta narke ta manne, rigar wayar ta yi baƙi ta tattare kamar ganda a wuta, warin ƙonannen roba kuwa yana nan bayan kwana biyu. Mai babur ɗin ya ce sau huɗu kacal ya danna.

Maganin wannan shi ne rile, wanda masu gyaran wutar mota a nan Saudiyya suke kira katawit. In ka je shago ka ce katawit na buri mai ƙafa huɗu, amfiya 30, za a gane ka nan take, domin buri shi ne sunan hon a bakinsu. Aikinsa shi ne ya bar tsohon maɓallinka ya riƙa aika 'yar ƙaramar wuta kawai, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta hanya kai tsaye daga batir. A gindinsa za ka ga lambobi huɗu. Wayoyi biyun da ka zare daga tsohon hon su ne za su shiga 85 da 86. Daga kan batir mai alamar ƙari za a ja sabuwar waya mai kauri, murabba'in milimita 2.5, zuwa 30, sannan daga 87 a ja irinta zuwa ƙafar wuta ta sabon hon. Ɗaya ƙafar hon ɗin a mayar da ita kan batir mai alamar ragi, ko a ɗaure ta a ƙarfen firam inda aka kankare fenti. Kada a ɗaure ta a ƙarfen da ke juyawa tare da kan babur, domin wuta ba ta bi ta nan da kyau.

Abin da mutane suka fi rainawa a wannan aikin shi ne fis. Wayar da ta taso daga batir zuwa 30 tana ɗauke da wuta ko an kashe makulli, ko kana barci a ɗaki, saboda haka dole a sa mata fis mai amfiya 20 ko 25 daf da batir, kada tazarar ta wuce tsawon tafin hannu. Idan wata rana wayar ta goge a jikin ƙarfe, fis ɗin ne zai ƙone a madadin babur ɗin. Kafin a taɓa komai kuma a fara kwance kan batir mai alamar ragi.

Akwai gwaji ɗaya da ya kamata ka yi tun kafin ka biya kuɗin hon ɗin. Kunna makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka danna hon. Idan ya yi ƙara, daga batir yake shan wuta, kuma abin da na bayyana zai yi aiki. Idan kuwa sai inji yana aiki yake kuka, to daga kwayil ɗin da ke samar da wuta a jikin inji yake sha, kuma rilen zai riƙa karkarwa ne maimakon ya kama, sai mai gyaran wuta ya sauya wa maɓallin hanya. Ka duba lafiyar batir ɗin ma, domin batirin irin wannan babur ƙarami ne, zafin Jidda kuma yana gajarta masa kwana. Batir mai rauni zai sa hon ɗin ya riƙa gurnani kamar rago a hannun mahauci.

Wurin ɗaurawa shi ne zai fi cin lokacinka, domin hon ɗin ya fi tsohon girma da nauyi sosai, kuma cikin robar gaban babur babu fili. A yi masa ƙarfen riƙo mai ƙwari, kwamfiresan ya tsaya a miƙe, bakin kakakin ya ɗan kalli ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki. Bayan an ɗaure, ka juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka kama birkin gaba ka danna babur ɗin ƙasa da ƙarfinka, ka tabbata ba abin da ke taɓawa. Iskar Jidda tana ɗauke da gishirin Bahar Maliya, don haka a shafa ɗan giris a mahaɗan wayoyi, in ba haka ba kafin shekara za su yi kore.

Game da 139 ɗin da ka gani a kwali, kada ya ruɗe ka. Irin wannan adadi daf da bakin hon ake auna shi, kuma duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6. Duk da haka ƙara ce mai cutar da kunne, kada ka gwada shi a cikin rufaffen gareji ko kusa da yara. Ni a ganina ma, maimakon ka zare wayoyinsa, ka bar tsohon hon a wurinsa da nasa maɓallin, ka sa wa rilen wani maɓalli daban, domin na iska ba ya iya 'yar gajeriyar sallama da ake yi wa mai tafiya a ƙasa, kuma tsohuwar da aka firgita a lungun Karantina tana iya faɗowa gabanka maimakon ta kauce.

Batun Murur kuwa, dokar hanya ta Saudiyya ta sa yin amfani da hon ba bisa ƙa'ida ba cikin laifuffuka, tararsa daga riyal 150 zuwa 300, kuma za ka gan ta a Absher, manhajar gwamnati ta waya. Hon mai kwaikwayon jiniyar 'yan sanda ko motar asibiti haramun ne ɗungurungum, kada ka kusance shi ko da mai shago ya ce shi ake yayi. Idan babur ɗin sabo ne yana cikin garanti, ka tambayi wakilin kamfanin kafin a taɓa wayoyinsa.

Tambaya: Malam, na sa hon na iska da rile da fis kamar yadda ake faɗa, amma da na danna sai in ji ƙas a cikin rilen, hon ɗin kuwa shiru. (Daga wani mai karatu a Makka)

Amsa: Wannan ƙas ɗin albishir ne, Malam, domin yana nuna maɓallinka da 85 da 86 lafiyarsu ƙalau, laifin yana ɓangaren babbar wuta. Fara da fis, ka zare shi ka ɗaga shi a haske ka ga ko zaren cikinsa ya tsinke. Idan yana nan, ka kwance wayar da ka ɗaure a firam, ka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ko ka kai ta kan batir kai tsaye. Mafi yawan lokuta a nan matsalar take, fenti ne ya shiga tsakani. In duk wannan bai yi ba, ka haɗa hon ɗin da batirin mota na daƙiƙa ɗaya, ka toshe kunnenka tukuna. Idan ya yi kuka a can, hon ɗin lafiyarsa ƙalau, mai yiwuwa batirin babur ɗinka ne ya gaji, sai ka sa a gwada shi kafin ka canja shi.